Ba a fafe gora ranar tafiya: koyon jifan fatsa a tsakar gida

Wani matashi daga unguwar Nima a Accra ya aiko da wannan tambaya: "Baba, yayana ya aiko mini da sandar fatsa ta zamani daga Jamus, da ril ɗinta mai naɗe zare, da koton roba kala-kala. Sau biyu na je Ada da ita, sau biyun na dawo hannu rabbana. In na jefa, zare ya cukurkuɗe, ko koton ya tashi sama, ko ya doki ƙasa a gabana. Ɗaya ma a kan bishiya na baro shi. Aiki ba ya barina zuwa ruwa sai bayan wata biyu. Akwai abin da zan iya koya a gida, ko dole sai a bakin ruwa?"

Akwai, ɗana. Abubuwan nan da ka lissafa babu ko ɗaya da ruwa ya jawo maka. Hannunka ne bai san aikin ba tukuna, hannu kuwa a tudu ake hora shi. Daga Accra zuwa Ada Foah, inda kogin Volta ya shiga teku, tafiyar sama da kilomita 100 ce. Ka biya kuɗin mota, ka bar aikinka, ka isa da sassafe lokacin da kifi ke kiwo, sannan ka zauna kana warwarar zare har rana ta take. Abin yana ba ni takaici duk sanda na gani, domin na san mai shi ba zai koma sau uku ba, sandar ta tafi bayan ƙofa ke nan.

Ni a Yeji na tashi, a bakin tafkin Volta, gidan masunta, iyayenmu daga ƙasar Yawuri suka gangaro. A gidanmu ba a barin yaro ya jefa birgi, wato ragar jifa, daga cikin kwalekwale sai ya yi watanni yana jefa shi a kan rairayi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan zana da'ira a ƙasa da babban yatsan ƙafarsa, ya koma inuwa yana ɗinkin koma, ya ce kada in kira shi sai birgin ya buɗe ya rufe zanen. A kan yashi kana ganin kuskurenka kwance a gabanka: gefen da ya naɗe, gefen da bai kai ba. A ruwa kuwa nan take yake nutsewa, ba ka ga komai ba. Sanda da ril ban riƙe su ba sai da na girma na zo aiki Tema, kuma duk abin da ya same ka ya same ni, har sai da na koma wa tsarin tsohon.

Kafin komai, ƙugiya ba ta shiga atisaye. Wannan ba na sassauci a kansa. Shekaru da yawa da suka wuce ina gwada sabon koto a ƙofar gida da yamma, na ce ai jifa biyu ne kawai. 'Yar maƙwabcina, ba ta fi shekara shida ba, ta zagayo ta bayana da gudu daidai lokacin da na kai sanda baya. Ƙugiya mai baki uku ta shiga bayan kunnenta. Ba ta fita ba sai a asibiti, bayan an yi mata allura an tsaga fatar. Iyayenta sun yafe mini, amma kukan yarinyar nan a cikin tasi har yau ina jinsa. Da a ido ne fa? Gidajenmu na zango cike suke da yara, kuma yaro ba ya sallama kafin ya gifta. Saboda haka ka ajiye koton da yayanka ya aiko a akwatinsa, ka haɗa na atisaye.

Haɗa shi ba wuya. Ka samu tsohon silifas, irin cale-wote ɗin nan, ka yanko guda biyu kamar tsawon babban yatsanka, ka sa noti a tsakaninsu, ka lanƙwasa 'yar waya ka yi masa ido inda za a ɗaura zare, sannan ka naɗe duka da salatif ɗin masu gyaran wuta. In ya doki mutum ba zai ji ciwo sosai ba, in ya doki gilashi da wuya ya fasa. Abin lura shi ne nauyi. Duba jikin sandarka, sama da mariƙi kaɗan, za ka ga an rubuta tsawonta da nauyin da aka yi ta domin shi, misali 7–28g, wato giram 7 zuwa 28. Ka nemi tsakiya, kamar giram 15 zuwa 18. Maƙerin zinariya yana da ƙaramin sikeli, roƙe shi ya auna maka. In abin ya yi sauƙi da yawa sandar ba za ta lanƙwasa ba, sai ka riƙa tilasta ta da kafaɗa, ka koyi mugun hali. In ya yi nauyi da yawa kana iya karya kanta. A Turai har gasa ake yi ta wannan jifan a kan ciyawa, ba ruwa ba kifi. Robar da suke jefawa nauyi biyu ce, giram 7.5 da giram 18, a gasar saiti kuma daga mita 10 zuwa 18 suke tsayawa, tsakiyar abin da suke nema faɗinsa santimita 75. Bakin babban bahon wanki ke nan, kana da shi a gida.

Wurin atisaye kuma, ka fara duba sama kafin ka duba ƙasa. Yawancin sandunan yanzu da kabon ake yin su, kabon kuwa yana ɗaukar wutar lantarki. Ka san yadda wayoyi suke ratsa lungunan Nima da Maamobi, wasu har kana iya taɓa su daga saman bene. Sanda mai mita 2 da ɗoriya a hannun mutum a tsaye ta isa ta kai gare su, manyan layukan wuta kuma ba sai an taɓa su ba, kusantarsu ma haɗari ne. In robarka ta maƙale a waya, yanke zaren ka tafi, kada ka ja. Don haka a tsakar gida jifan ƙasa-ƙasa kawai za ka yi, zan zo kansa. Jifan saman kai sai fili: filin makaranta bayan an tashi, da izinin mai gadi, ko filin Kawukudi bayan sallar Asuba kafin 'yan ƙwallo su cika shi. Ciyawa ko yashi sun fi siminti, domin siminti yana cin zaren nailan kamar zarto. Ka shafa mita biyun ƙarshe tsakanin yatsunka bayan kowane atisaye, in ka ji kaushi ka yanke. In da hali ka sayi zare mai araha na atisaye, mai kyan ka adana shi domin ruwa.

Cukurkuɗewar da ka ambata, rabinta tun daga kwarkwaron ril take farawa. In an cika shi har baki, zare yakan zubo da yawa lokaci ɗaya ya ƙulle. In bai cika ba sosai, yana gogar leɓen kwarkwaron, jifa ba ya nisa. A bar kamar milimita 2 zuwa 3 tsakanin zare da leɓe. Nailan da ya daɗe a naɗe yakan fito a murɗe kamar wayar tsohon tarho. Cire kwarkwaron ka jiƙa shi cikin ruwan ɗumi na ɗan lokaci, zai yi laushi. Ɗaya rabin kuma halin hannu ne. Wayar nan mai kama da mariƙin bokiti da kake buɗewa kafin jifa, da hannun hagu za ka rufe ta bayan robar ta sauka, kada ka rufe ta ta hanyar juya hannun ril. Ka rufe, ka ɗan ja zaren ya miƙe, sannan ka fara naɗi. Zaren da aka naɗa sakwa-sakwa yana barin ɗan madauki a kan kwarkwaro, madaukin nan shi ne yake kwaso 'yan'uwansa a jifa na gaba. A tudu ma abin ya fi faruwa, domin robar tana tsalle a ƙasa ba ta jan zaren kamar yadda ruwa ke yi, shi ya sa in kana naɗowa ka matse zaren tsakanin yatsu biyu sama da ril.

Yanzu jifan kansa. Ƙafar ril ta shiga tsakanin yatsanka na tsakiya da mai bi masa. Juya ril har inda zaren ke bi ya zo kusa da sanda, ka ɗauko zaren da tsokar kan manuniya. Da tsokar na ce, kada ka bar shi ya shige cikin gaɓar yatsa, domin daga nan ba ya fita da sauri. Buɗe wayar. Robar ta yi lilo kamar santimita 30 zuwa 40 ƙasa da kan sanda. Waiwaya ka duba bayanka, kowane jifa, har ya zama jiki. Sai ka kai sandar baya ta saman kafaɗarka, ka dawo da ita gaba kana ƙara sauri, ka tsayar da ita cak tana nuna sama da abin da kake nema, kamar kana nuna kan bishiyar kwakwa daga nesa.

Ka tuna wasan da yara ke yi, su maƙala curin laka a kan tsumagiya su wurga? Ba ƙarfin yaron ne ke kai lakar nesa ba. Tsumagiyar ce take lanƙwasa, ya tsayar da ita, ta miƙe ta harba. Sandarka haka take. In ka ji nauyin robar ya lanƙwasa ta a baya, ta ɗauki caji ke nan, aikinka ka ba ta wurin saukewa. Samari masu ƙarfi su ne suka fi wahalar koyarwa, domin suna jifa da kafaɗa da baya kamar masu jifan mangwaro. Ka ninke jarida ka matse ta a hammatarka ta dama. In ta faɗi lokacin jifa, gwiwar hannunka ta bar jikinka, ka sake. Hannun hagu yana riƙe da gindin sanda, yana jawo shi zuwa cikinka daidai lokacin da dama ke turawa gaba. Wannan ja da turin, tsakanin wuyan hannu biyu, shi ne duk ƙarfin da ake buƙata.

Saura abin da duk sana'ar ta rataya a kansa, wato lokacin da manuniya ke sakin zare. Ba wanda zai iya faɗa maka shi da baki ya zauna, tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba. Amma robar da kanta tana gaya maka abin da ka yi, in ka iya karatunta. Ta tashi sama ta faɗo kusa: ka saki da wuri. Ta doki ƙasa a gabanka da ƙarfi: ka makara. Ka ga ke nan matsalolinka biyu matsala ɗaya ce, yatsan ne yake kaiwa da komowa tsakanin gaggawa da jinkiri. Wurin da ake nema yana nan jim kaɗan bayan sandar ta wuce saman kanka. Ga dabarar da nake ba duk wanda na koya wa: ka yi kuskuren da gangan. Jefa biyar kana sakin wuri, ka ga sun tashi sama. Jefa biyar kana makara, ka ga sun doki ƙasa. Yatsan da ya san iyaka biyun nan da kansa zai lalubo tsakiya, ya fi wanda ake ta ce wa yi daidai, yi daidai, alhali bai san ina daidai yake ba. Kuma ka yi a hankali, da rabin ƙarfinka. Da sauri ba ka jin komai.

In robar ta fara tafiya inda ka nufa, sai ka koyi tsayar da ita. Tana cikin iska, ka miƙa manuniyarka kusa da leɓen kwarkwaro, zaren da ke fita yana ɗan kaɗa ta. Ka matso kaɗan, gudun ya ragu. Ka taɓa leɓen, ya tsaya. Da wannan ne za ka jefa ya ɗan wuce, sannan ka sauke shi a kan abin da kake so, kuma da shi za ka ceci koto in ka ga ya nufi reshe, wanda ka baro a Ada da yana nan. Amfaninsa na biyu ya fi wannan: koton yana sauka a hankali, zaren a miƙe. Ka kifa tsohuwar tasar ƙarfe a fili ka riƙa jefa mata. Da farko za ka ji ƙwal! kamar an jefi kwanon rufi. Ka yi ta yi har sautin ya koma ɗan taf. A ruwa marar zurfi bambancin ke nan tsakanin abinci ya faɗo da dutse ya faɗo. Kifi na ganinka, mai jar koma, in ji mutanen da, kuma tun kafin ya gan ka yana jin motsi ta layin nan da ke gefen jikinsa.

Jifan da tsakar gidanka ta dace da shi, shi ne wanda na fi amfani da shi a ruwa. Saki zare har robar ta sauko daidai ril. Riƙe ta da hannun hagu, waya a buɗe, zare a kan manuniyar dama. Sunkuyar da kan sanda, ka saki robar ta yi lilo gaba, ka ɗaga kan sandar da wuyan hannu, ka saki zaren lokacin da ta wuce ƙasan lilon ta fara miƙewa. Za ta tafi ƙasa-ƙasa, ba ta wuce tsawon ƙugu ba. Ba ka buƙatar fili a bayanka ko a samanka, mita 6 zuwa 8 a gabanka sun isa. Ajiye bokiti a ƙarƙashin benci, ko ka rataya tabarma a igiyar shanya ka bar taƙi biyu tsakaninta da ƙasa, ka riƙa shigar da robar ta ƙarƙashi. Dalili kuwa shi ne kifi mai farauta ba a tsakiyar fili yake zama ba. A Ada yana gindin itatuwan nan masu saiwa a cikin ruwa. A tafkin Volta, tun da aka kammala madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya cinye dazuzzuka, kututturan suna nan tsaye har yau, a jikinsu giwan ruwa ke laɓewa. Wanda zai iya sa koto taƙi ɗaya daga kututture daga nisan mita 8 zai ci kifi, mai jifan mita 50 cikin sarari yana kallo.

Na gefe kuma ka koye shi a fili. Motsin ɗaya ne da na saman kai, sai dai sandar a kwance take tafiya. Ga mai dama, sakin wuri yana kai robar dama, makara tana kai ta hagu. Za ka buƙace shi saboda iska. A gaɓar tekunmu da rana iskar daga kudu maso yamma take busowa, daga teku zuwa tudu, sau da yawa a fuskarka za ta kasance, jifan sama kuwa iska tana kama shi ta dawo maka da shi. In ka je fili da la'asar, kada ka juya wa iska baya don jifanka ya yi kyau. Fuskance ta.

Minti 20 kullum sun fi awa uku ranar Lahadi, domin hannu in ya gaji kuskure yake haddacewa. Fara daga mita 8 da baho. Ƙirga goma-goma, ka rubuta a bango da gawayi. In bakwai cikin goma suna shiga kwana uku a jere, ja baya taku uku, ko ka musanya bahon da bokiti. Bayan sati biyu ka daina tsayawa wuri ɗaya: ka baza abubuwa huɗu ko biyar a nisa daban-daban, kowane jifa ga wani, domin a ruwa ba a ba ka jifa biyu iri ɗaya. Nisa shi ne na ƙarshe, kuma da kansa yake zuwa.

Gargaɗi ɗaya game da masu jifa daga bakin teku da doguwar sanda da dalma mai giram 100 ko fiye. Wannan ba a gwada shi a unguwa ko kusa da mutane. In zare ya tsinke lokacin jifa, dalmar tana tafiya kamar harsashi, ba inda aka nufa ba. Masu yi suna ɗaura zare mai kauri a gaba, kimanin ƙarfin kilo 4.5 ga kowane giram 28 na dalma, a wurin atisaye kuma su tsaga ƙwallon tanis su cusa dalmar ciki. Sandarka ba irin wannan ba ce, kada wani ya ɗaura maka.

Sarrafa koto shi ne inda tudu ke da iyaka, amma ba a rasa abin yi. Ka samu durom mai lita 200 cike da ruwa mai haske, ba na sha ba. Cire ƙugiyoyin koton da filaya, ta ƙaramin zoben da ke riƙe da su, ka ɗaura shi a guntun zare ka zauna ka kalla. Mai kama da cokali in ka sake shi yana gangarawa yana juyi gefe da gefe, yana walƙiya kamar ƙaramin kifin da ya ji rauni. Na roba mai laushi mai kan dalma yana nutsewa da ka, wutsiya tana kaɗawa. Mai leɓe a gaba yawanci yana iyo a sama, sai an ja shi yake nutsewa. Ka kula da faɗuwar sosai, domin sau da yawa a lokacin da koto ke gangarawa kifi ke kai masa cafka, ba lokacin da ake jansa ba. Zurfin durom bai kai mita ɗaya cif ba, auna naka, sannan ka ƙirga ɗaya, biyu, uku har koton ya taɓa ƙasa. Yanzu ka san kowannensu nawa yake nutsewa a ƙirge guda. Ranar da wani masunci ya ce maka wurin nan gaba biyu ne, ka san ƙirgen da za ka yi kafin ka fara naɗi, ba ka maƙale a ƙasa ba, ba ka wuce ta saman kifi ba.

Ka kuma san ril ɗinka. Yi wa zare alama da biro a kan sanda, juya hannu sau ɗaya, ka auna. Matsakaicin ril yana ɗauko kamar santimita 70 zuwa 80. Sabon shiga kusan kullum sauri yake yi, zumuɗi yana juya masa hannu. Jefa robarka a fili ka naɗo ta kana kallo: juyi biyu, tsaya, ɗan fizga da kan sanda, tsaya ka ƙirga biyu. Sannan ka rufe ido. Ja ta a hankali ta kan yashi, ta kan tsakuwa, ta cikin ciyawa, ka saurari abin da ke zuwa tafin hannunka, kowanne da muryarsa. Sa ƙanenka ya tsaya can gefe ya riƙa ɗan tsinkar zaren da yatsa ba tare da ya faɗa maka ba, kai kuma duk sanda ka ji ka ɗaga sanda da sauri. Yaran gida suna son wannan aikin, kuma ya fi su tsaya a bayanka.

Ƙulli a kan tabarma ake koyonsa da dare. Ɗaya ya ishe ka yanzu, wanda ake kira Palomar: ninka zare kamar taƙi guda, zura ninkin ta idon koto, yi ƙullin talaka sakwa-sakwa da ninkin, zura koton gaba ɗaya ta cikin madaukin da ya rage, jiƙa da yawu, ja a hankali. Jiƙawar ba al'ada ba ce kawai, nailan busasshe yana zafi in an matse shi, ya raunana a daidai ƙullin. Yi shi da babban noti har sai ka iya a daren da aka ɗauke wuta, domin da duku-duku za ka buƙace shi, hannu a jiƙe.

Birkin ril, wato marfin nan da ake murɗawa a gaban kwarkwaro, shi ma a gida ake saita shi. Ƙa'idar ita ce ya fara sakin zare a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. In an rubuta kilo 6, kana neman kilo 1.5 zuwa 2. Ledar fiya-wata rabin lita ce, rabin kilo ke nan. Zuba uku ko huɗu a jaka, ɗaura zare, nuna jakar da kan sandar tana kallon ƙasa, ka ɗaga gaba ɗaya ba tare da sandar ta lanƙwasa ba. Murɗa birkin har ya zama jakar tana shirin tashi zaren ya fara zamewa. Kada ka ɗaga nauyin da sanda a tsaye, ta nan ake karya su. Bayan ka saita, ja zaren da hannu ka ji yadda yake, don ka gane shi a bakin ruwa. In kuma kifi yana jan zare birki yana ƙara, kada ka juya hannu, kowane juyi murɗa zaren yake yi.

Abin da tsakar gida ba za ta ba ka ba shi ne sanin kifin. Ina zargin ma wani ɓangare na dawowarka hannu rabbana daga nan yake. Karfasa yawancin abincinta gansakuka ne da ganye, ba kasafai take bin koton ƙarya ba. Tarwaɗa da ƙamshi da gashin bakinta take neman abinci, tana ko hanjin kaza sun fi mata roba. Koton yayanka na mafarauta ne: giwan ruwa da tsage a ruwan daɗi, barakuda da ire-irenta a bakin teku. Tsage da barakuda haƙoransu suna datse nailan, sai da 'yar waya taƙi guda a gaba. A Ada kuma ruwa yana cika yana janyewa sau biyu a yini, kifi yana bin wannan motsin. Waɗannan sai a wurin masu wurin. Ka yi sallama, ka gaishe su, ka tambayi inda aka yarda a jefa da inda ragarsu take. Masuntan teku a gaɓar nan ba sa fita ranar Talata, suna bakin ruwa suna gyaran raga, ranar ce suka fi samun sukunin hira da baƙo.

Daren da za ka tafi, sauya zaren atisaye ko ka yanke mita goman farko. Zura auduga cikin kowane zoben sanda da zare ke bi, in ta kama akwai tsaga, tsagar kuwa za ta yanke zare. Mayar da ƙugiyoyi, ka gwada bakin kowace a kan farcen babban yatsa: in ta zame a wasa ta, in ta kama ta yi. Ni da a ce nawa ne, sai in matse 'yan ƙayoyin bayansu da filaya a wannan shekarar ta farko, don in ta shiga mutum ta fita ba tare da asibiti ba. In ka dawo ka ɗauraye ril da zobba da ruwan famfo, gishiri ba ya jira. In ka isa kuwa, kada ka taka har bakin ruwa kana neman tsakiyar kogi. Tsaya taku uku baya, ka waiwaya bayanka, jifanka na farko ya tafi gindin itacen da ya fi kusa da kai, daidai nisan bahon da ka saba da shi.